Ruwan Lemo a Banɗaki: Tayil, Fenti, ko Siminti Mai Launi?

A shekarun baya, idan mutum ya gina banɗaki a Garwa ko Marwa, a nan arewacin Kamaru, ba ya tsayawa dogon tunani a kan launinsa. Ko dai ya sa farin tayil daga ƙasa zuwa kafaɗa, ko ya shafa shuɗin fenti, ko kuma ya bar simintin yadda magini ya gama shi. Tun da hotunan gidaje suka fara yawo a wayoyinmu, abin ya canza, musamman a wajen masu sabon gini da iyayen da ke shirya wa 'yarsu ɗaki, kuma ruwan lemo yana cikin launukan da ake yawan sha'awa saboda yana raya wuri, yana kuma kore duhun ƙaramin ɗaki. Sai dai wanda ya yanke shawarar wannan launi bai gama komai ba tukuna, domin akwai hanyoyi aƙalla uku na kai shi bango, kuma kowace tana da halinta idan ta haɗu da ruwa da sabulu da zafin ƙasarmu.

Tun a bakin shago ake fara samun saɓani, kuma sunan launin ne yake jawo shi. Lemon da muke saya a kasuwa yawanci kore ne ko ɗorawa-ɗorawa ko da ya nuna, saboda a ƙasashe masu zafi ɓawonsa ba ya juyewa kamar na ƙasashen da ake sanyi da dare. Don haka idan ka ce wa mai fenti ruwan lemo, shi da kai kowa da abin da ke zuciyarsa. Tsofaffinmu ruwan goro suke cewa, wato launin da goro ke bari a baki da yatsa, kuma wannan ya fi duhu, ya fi kusa da ja. Akwai na manja, akwai na cikin nunannen mangwaro, akwai na lalle a tafin hannu, akwai kuma na sabuwar tukunyar ƙasa da ta fito daga wuta. Duka waɗannan dangi ɗaya ne, amma ba ɗaya suke ba a bango. Shawarata ita ce mutum ya je da abu a hannunsa, ko ƙyalle ne ko katangar tukunya, ya ajiye a gaban mai shago, maimakon ya dogara da suna ko da hoton waya, wanda haskensa yake ƙara wa launi ƙarfin da ba shi da shi.

Wannan bambanci bai tsaya a ido kawai ba, ya kai har ga abin da aka yi launin da shi. Launukan da suka yi kama da tukunya da jar ƙasa ana samun su ne daga sinadarin ƙarfe, ɗan'uwan tsatsa, wanda shi ne yake ba ƙasar tudu jan da muke gani. Irin wannan ba ya tsoron rana, ba ya kuma tsoron kaifin siminti ko na farar ƙasa. Ruwan lemo mai walƙiya kuwa, irin na rigar masu gyaran hanya, yawanci daga wasu sinadarai na masana'anta ake haɗa shi, kuma masu araha daga cikinsu suna saurin koɗewa idan rana tana dukansu. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma banɗakuna da yawa a tsakar gida suke babu rufi, wannan magana ce da za a fara da ita kafin a zo kan farashi.

Tayil, wanda wasu a nan suke kira karo daga Faransanci, shi ne ya fi kowace hanya riƙe launi, saboda an gasa launin ne a wuta a cikin wani gilashi-gilashi da ya rufe fuskarsa. Rana ba ta koɗar da shi, ruwa ba ya ɗaye shi, kuma soso da sabulu sun isa su mayar da shi sabo. Nau'insa biyu ne ya kamata mai saye ya rarrabe. Akwai mai sauƙin nauyi da ake yi domin bango, wanda bayansa yake shan ruwa da yawa, fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma yana saurin fashewa idan an taka shi ko bokiti ya faɗa masa. Akwai kuma mai tauri da aka gasa da wuta mai tsanani, wanda ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, kuma shi ne ya dace da ƙasa. Gwajin yana da sauƙi: a juya tayil ɗin a ɗiga masa ruwa a baya, idan ya shanye nan take na bango ne, idan ruwan ya tsaya yana sheƙi to mai tauri ne. A ƙasan banɗaki kada a yarda da mai sumul komai kyansa, domin santsin sabulu a kan tayil mai sheƙi ya karya tsofaffi da masu juna biyu da yawa. Wasu kwalaye suna ɗauke da alamar R da lamba, kuma R10 ko R11 sun fi R9 kama ƙafa.

Aibin tayil yana cikin ƙarfinsa ne, wato ba ya tafiya. Wanda ya lulluɓe bango huɗu da ruwan lemo mai ƙarfi ya ɗaure kansa da shi shekaru masu yawa, kuma ranar da ya gaji da shi babu magani sai guduma, da ƙura, da sabon yaɓe. Sannan akwai matsalar samu. Yawancin kayan da ke zuwa arewa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala suke tasowa, wasu a jirgin ƙasa har Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, daga nan manyan motoci su kwashe su zuwa Garwa da Marwa da Kuseri har su tsallaka Njamena, wasu kuma ta iyakar Najeriya suke shigowa. Ɗan kasuwa da ya biya kuɗin wannan doguwar hanya farin tayil da ruwan toka da ruwan ƙasa yake lodawa, domin su ne ba sa kwana a shago. Ruwan lemo kaɗan ake kawowa, kuma idan ya ƙare babu tabbacin irinsa zai sake zuwa. Ko da ya zo, tayil iri ɗaya da aka gasa a lokaci daban yana iya bambanta a launi, bambancin da ba a gani a fari amma yake fitowa fili a launi mai ƙarfi. Shi ya sa ake duba lambar gashi da ke jikin kwali domin duka su zama ɗaya, a kuma ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a kan lissafi saboda yanka da fashewa.

Bari mu ɗauki banɗaki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1.5, irin wanda ake yi a cikin ɗaki. Kewayensa mita 7 ne. Idan za a sa tayil har tsayin mita 1.5, an sami murabba'in mita 10.5, a cire wajen ƙofa ya rage kamar 9.5, ƙasa kuma ta ci 3. Amma bangon da shawa take kaɗai, mai faɗin mita 1.5, idan aka kai shi tsayin mita 2, murabba'in mita 3 ne kacal, wato kwali biyu ko uku gwargwadon girman tayil ɗin. A nan ne nake ganin ya fi dacewa a zuba ruwan lemon: bango ɗaya ya ɗauki launin, sauran ukun su zama farare ko ruwan madara. Kuɗin bai yi yawa ba, ido yana samun inda zai huta, kuma idan an rasa irinsa a gaba asarar ƙarama ce.

Fenti shi ne akasin wannan duka. Yana da araha, ana gama shi a yini ɗaya ko biyu, ana haɗa launin da ake so a gaban mutum, kuma idan bai yi ba a sake. A banɗakin da muka lissafa, idan silin yana kan mita 2.8, abin da ya rage a saman tayil bai fi murabba'in mita 9 ba sosai, kuma da yake lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, lita biyu za su yi shafi biyu. Sai dai ruwan lemo da ja da ɗorawa launuka ne marasa rufi, wato abin da ke ƙarƙashinsu yana leƙowa, don haka sau da yawa sai an fara da farin shafi na ƙasa, wani lokaci kuma sai an kai shafi uku kafin bangon ya daidaita.

Na ga yadda gaggawa take lalata wannan aiki a gidan yayana. Ana saura kwanaki kaɗan a kawo amarya, magini ya gama yaɓen siminti bai fi kwana goma ba, aka kira mai fenti. Dattijon ya ɗora tafin hannunsa a bango, ya ɗan jima, ya ce, "Alhaji, bangon nan bai gama shan iska ba, sanyi nake ji a hannuna. A ba shi wata guda." Yayana ya ce, "Baba, lokaci ya ƙure, a yi haƙuri a shafa hakanan." Aka shafa fentin mai, ruwan goro mai kyau, har mata 'yan jere suka yi ta yabawa. Kafin damina ta raba tsakiya sai ƙasan bangon ya fara kumbura kamar ƙuna, idan ka danna da yatsa ya fashe, wani abu mai danƙo ya fito, a bayansa kuma farin gari kamar kanwa. Dalilin sananne ne a wajen masu sana'ar: sabon siminti yana da kaifi irin na toka, kuma idan wannan kaifi ya haɗu da man da ke cikin fenti a wuri mai danshi, sai ya narkar da shi ya mayar da shi kamar sabulu, kamar dai yadda ake haɗa ruwan toka da mai a yi sabulun salo. Siminti yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a jira. Mafi kyawun lokacin aikin shi ne rani, sai dai a kauce wa ranakun da hazon hunturu ya yi kauri, domin ƙura tana manne wa ɗanyen fenti.

Tsakanin fentin mai da fentin ruwa ma akwai zaɓi. Na mai yana yin sheƙi, yana jure wanki, amma yana toshe bango ya hana danshi fita, yana da wari mai ƙarfi a ƙaramin ɗaki, kuma sheƙinsa yana tona duk wani tudu da kwari na yaɓe. Fentin ruwa mai araha da ake shafa wa falo ba shi da amfani a banɗaki, domin jiƙaƙƙen hannu ma yana ɗebe shi. Wanda ya dace shi ne fentin ruwa na akirilik da aka rubuta cewa ana wanke shi, ko wanda aka yi domin bangon waje, saboda yana jure kaifin siminti, yana kuma barin bango ya yi numfashi. Duk da haka, babu fentin da zan amince ya tsaya a inda ruwan wanka yake dukansa safe da yamma.

Akwai wata magana da ta fi kyau da ƙarko muhimmanci, kuma ta shafi wannan launi kai tsaye. Shekaru da yawa masana'antu suna amfani da sinadaran dalma wajen fitar da ɗorawa da ruwan lemo da ja masu haske a fentin mai, saboda suna da araha, suna kuma rufi da kyau. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. A jikin yaro ƙarami tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta gyaruwa. A 2017 Kamaru ta kafa doka da ta hana yi da shigowa da sayar da fentin da dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan, amma doka daban, gwangwanin da ba shi da suna ko adireshi daban. Banɗaki wuri ne da fenti yake ɗayewa ya faɗi ƙasa, yara kuma suna zama a ƙasan a yi musu wanka, suna tsince-tsince suna kaiwa baki. Don haka a sayi gwangwani rufaffe mai sunan kamfani wanda aka rubuta babu dalma a cikinsa, a guji wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya. Idan kuma tsohon fentin mai ne za a cire, kada a kankare shi a bushe ƙura ta tashi. A jiƙa shi, a fitar da yara, a kwashe ɓaraguzan a wanke wurin.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi rainawa, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin gidajenmu: a zuba garin launi a cikin simintin shafe na ƙarshe, a goge shi da cokalin magini har ya yi sumul. Tsofaffin gidaje da makarantu masu jan daɓe da wannan dabara aka yi su, kuma har yau suna nan. Idan aka haɗa jan gari da ɗorawa, ɗorawar ta fi yawa, ana samun ruwan tukunya mai daɗin kallo. Launin yana cikin jikin shafen ne, babu fatar da za ta ɗaye, kuma da yake na ƙarfe ne rana ba ta cinye shi. Siminti ba baƙo ba ne a yankinmu, tun da akwai masana'antarsa a Figil, tsakanin Garwa da Marwa, inda dutsen farar ƙasa yake. Launin kansa ma na gida ne, domin duk wanda ya je Gawi kusa da Njamena ya ga yadda mata suke ƙawata bangon gidajensu da launukan ƙasa. Amma a san iyakarta. Siminti mai ruwan toka yana dusar da launi, sai an yi amfani da farin siminti idan ana son ya fito da haske, shi kuma ya fi tsada. Garin launin kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin simintin, domin fiye da haka yana rage masa ƙarfi, kuma yawanci rabin wannan ma ya isa. Dole a auna kowane kwaɓi da mudu ɗaya, a gauraya shi a bushe kafin a zuba ruwa, a kuma riƙa yayyafa wa bangon ruwa kwanaki bayan an gama, in ba haka ba zafi ya busar da shi da wuri ya tsattsage. Ba ya fitowa bai ɗaya kamar fenti, wani wuri ya fi wani duhu, kuma wanda wannan zai dame shi gara ya haƙura tun farko.

Wajen tsafta ma hanyoyin uku sun sha bamban. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana barin farin tabo idan ya bushe, kuma wannan tabo ya fi fitowa a launi mai duhu fiye da a fari. A kan tayil ana iya cire shi da ruwan tsami ko lemon tsami. A kan siminti mai launi kuwa duk wani abu mai tsami yana cin fuskarsa, balle ruwan asid mai ƙarfi da wasu suke wanke masai da shi, wanda ko a tayil ma yana cinye simintin da ke tsakanin layuka. Kada kuma a taɓa haɗa asid da ruwan jabel, wato bilic, domin hayaƙin da ke tashi guba ne, musamman a ɗakin da tagarsa ƙarama ce. Wani dalilin da ya sa ba na son ruwan lemo a ƙasa shi ne batun najasa: mai alwala yana son ya ga inda yake taka ƙafarsa, kuma ƙasa mai launin goro tana ɓoye abin da ya kamata a gani a wanke. Ƙasa mai haske ta fi, a kuma karkatar da ita santimita 1 zuwa 2 a kowace mita wajen magudana domin kada ruwa ya kwanta.

Haske yana iya gyara aikin ko ya ɓata shi. Farin ƙwan lantarki mai kaifi, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa kuma shi ne ya cika kasuwa, yana da shuɗi-shuɗi a ciki, kuma yana mayar da ruwan tukunya kamar laka. Mai 2700K yana ƙara masa ja har ɗakin ya yi kamar gaban murhu, abin da ba kowa ke so ba a watan Afrilu. Tsaka-tsaki, wajen 4000K, shi ya fi fitar da launin yadda yake. Kuma kada bangon ruwan lemo ya fuskanci madubi ko ya kewaye shi, domin yana watsa launinsa a fuska, mace ta yi kwalliya a ciki ta fito waje ta ga abin da ba shi ta shafa ba. A Ngaundere, inda tudu ya sa ake sanyi kuma damina take daɗewa, launi mai ɗumi yana da daɗi ko da ya yi yawa, sai dai can fumfuna ce abokiyar gaba, don haka taga da iska sun fi zaɓin launi muhimmanci. A Marwa da Kuseri da Njamena kuwa a rage shi, a haɗa shi da fari mai yawa, da ɗan shuɗi ko kore mai duhu idan ana son abin da zai sanyaya ido.

Mai haya bai kamata ya shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai da izinin mai gida, kuma ba ya ma buƙata. Buta da bokiti da kofin wanka da kujerar zama da tawul da labule, idan duka aka zaɓe su ruwan lemo a gaban farin bango, sun isa su canza banɗaki, kuma ranar tashi a ɗaure su a tafi da su. A nan ne ma ruwan lemo mai walƙiya ya fi dacewa, domin roba idan ta koɗe ana sauya ta da kuɗi kaɗan.

Ga wanda gidansa ne kuma banɗakin a cikin ɗaki yake, zaɓina shi ne tayil mai ruwan tukunya a bangon shawa, farin tayil a sauran bango zuwa kafaɗa, fentin akirilik ruwan madara a sama, da ƙasa mai haske mai kama ƙafa. Idan kuɗin tayil mai launi bai samu ba, a juya tsarin: fari a ƙasa inda ruwa yake kaiwa, fentin ruwan lemo a sama inda ba ya kaiwa. Banɗakin tsakar gida marar rufi kuwa siminti mai launi ne nasa, domin fenti ba zai jure rana da ruwan sama ba, tayil ɗin bango mai shan ruwa kuma yana iya saki idan zafi da sanyi suka yi ta juya shi. Kowace hanya aka ɗauka, a fara gwada ta a wuri kamar faɗin tabarmar salla, a bar ta ta bushe sosai, a dube ta da hantsi, da la'asar, da kuma dare a ƙarƙashin ƙwan da za a yi amfani da shi. Idan tayil ne, a ajiye ragowar kwali ɗaya a inda yara ba za su kai ba, tare da takardar da ke ɗauke da lambar gashinsa, saboda ranar da mai gyaran famfo zai fasa bango.